Shuɗiyar Sarƙar Kaka Hanim

Duk matar da ta haihu a ƙauyenmu na kan tsauni ta san sarƙar Kaka Hanim, wadda haihuwa ta ƙi ma ta fi saninta. A cikin tsohuwar tukunyar gishiri take zama, bayan randa, kuma maza duk sun iya yin kamar ba su san da ita ba. Shuɗin tangaran ce, irin wanda mutanen farko suke gasawa su raka matattunsu da shi. Wai kakar Kaka ce ta tsince ta a ƙuryar ɗakin jaki, don gidanmu, kamar kowane gida a ƙauyen, a bakin kabarin mutanen farko aka gina shi, rabin ɗakunanmu ma nasu ne. A jikinta akwai dogayen ƙwayoyi sirara, da ido guda da aka ja wa kwalli, da wani gajeren mutum mummuna da ya zaro harshe, sai kuma uwar tafiya, 'yar dorina mai ciki, tsaye da ƙafa biyu, kunnenta ɗaya a gutsure. Ƙanwata Wahiba ce ta gutsure shi lokacin tana fitar haƙori, kuma Kaka ba ta daina yi mata gori a kai ba har ta koma ga Allah.

Matan gidanmu sun ƙara nasu a kai: wuri biyu, da ɗan makullin wani akwati da ba wanda ya san inda yake. Igiyar kuwa an bar mata doguwar jela. Duk wadda ta ari sarƙar ta samu haihuwa, ranar da ta yi arba'in sai ta zo ta yi ƙulli ɗaya a jelar da hannunta. Mu 'yan gida, da aro da ba aro, kowa da ƙullinsa. Kaka ba ta san alif ba, amma in ta ja jelar nan tsakanin yatsunta sai ta faɗi sunan mai kowane ƙulli, da sunan uwarsa, da irin rashin kunyar da ya yi wa mutane bayan ya girma.

Amfaninta kowa ya sani. Mai jego a buɗe take har sai sabon wata ya tsaya. In aka shigo mata da ɗanyen nama, ko wani ya dawo daga maƙabarta ya faɗo mata ɗaki, ko aka shigo da abin da ya fito daga kabari, to an ɗaure ta: nono ya ƙafe, mahaifa ta rufe. Mushahara muke cewa. In an san abin da ya ɗaure ta, shi kaɗai ne zai kwance ta. In ba a sani ba, sai a zo wurin Kaka da burodi biyu da ɗan sukari. A ƙarshen wata a jiƙa sarƙar a kwano, matar ta yi wanka da ruwan, ta tsallaka sarƙar sau bakwai, ta fita ta wata ƙofa ba ta waiwaya ba. Dokar Kaka ɗaya ce, kuma da tsawa take faɗinta: kada sarƙar nan ta kuskura ta shiga ɗakin mai jego.

Shekarar da gwamnati ta tashe mu daga tsauni, Kaka ta riga ta rasu, tukunyar gishiri ta dawo hannuna. Wahiba tana kwance a ɗakin Kaka, kwana huɗu da haihuwar ɗanta na fari. Ma'aikatan kayan tarihi suna bi gida gida, kada wani ya sauka da kayan mutanen farko cikin kayan miyarsa. Wanda ya shigo mana yaro ne sabon ɗauka, takalminsa na ƙyalli, sai sannu yake yi mana. Ban san wanda ya tsegunta masa ba, kuma duk wanda ya yi, Allah Ya isa. Kai tsaye ya nufi bayan randa.

Na bi shi ina roƙo ina zagi a haɗe. Yana riƙe da sarƙar, jelar tana lilo, ya nufi labulen ɗakin Kaka.

"Kai ɗan nan, kada ka shiga! Mai jego ce a ciki!"

"Yi haƙuri Hajiya, leƙawa kawai zan yi, aikina ne."

"Aikin uwarka! Ajiye abin hannunka tukuna!"

Bai gane abin da nake nufi ba, ya ɗauka dabara ce ta karɓe sarƙar. Ya ɗaga labule ya sa ƙafa. Da ya ga mace kwance da jariri sai kunya ta kama shi, ya ce "Barka da arziki," ya fito da baya. Ba mugu ba ne, har yau ban ce mugu ba ne. Amma na ga idon Wahiba ta gefen labule, ba fuskarsa take kallo ba, hannunsa take kallo.

Kafin sati ya zagayo nono ya ƙafe. Ni dai na ce tashin hankali ne. An ɗora mace mai ɗanyen jego a bayan akori-kura da katifa da kaji, an kai ta gidan siminti da ba inuwa ba iska, wane nono ne zai tsaya? Amma ba wanda ya saurare ni, ni kaina ban gama yarda da kaina ba. Aka raɗa wa yaro Tayyib, aka sa shi a madarar gwangwani. Zafin sabon gari ya haɗu da gudawa, bai kai wata biyu ba. 'Yan kwanakin nan ne kaɗai aka kira ƙanwata Ummu Tayyib. Bayan nan mata suka koma ce mata Wahiba, wai don kada su tuna mata, kamar mantawa ta yi.

Daga nan shiru. Shekara ta bi shekara, ni na ƙara biyu a kan ɗana Nubi, ita ko ɓari ba ta yi ba. Ta ga likitocin birnin Uksur da ke tsallaken kogi, ta hau jirgin ƙasa har Asyut, kowa ya duba ya ce lafiyarta lau. Limamin sabon gari ya ce maganar sarƙa camfi ne, ta riƙe addu'a. Ta riƙe addu'ar, ba ta saki sarƙar ba. Ta ziyarci shehunnai, ta sha abin da ni ko ƙamshinsa ba zan iya ba, ta mirgina daga kan tudun yashi har ta gurje gwiwa. Duk wadda ta kawo mata sabon magani sai ta karɓa da godiya, ta yi, sannan ta ce, "Ai ni na san abin da ya ɗaure ni."

Mijinta Azab, mai jirgin fito, bai taɓa ɗaga mata murya a kan haka ba. In ta fara sai ya ce, "Wahiba, ni na kawo ƙara ne? Zuba mana shayi." Wallahi wani lokaci nakan so ya zage ta, ko ta samu wanda za ta yi faɗa da shi. Haƙurin nan nasa ya hana ta wurin ajiye fushinta, sai ta juya shi kan kanta. Ta rame, furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwali.

Azab ɗin ne ya zo da labari. Cikin mutanen da yake tsallakarwa gabas kowace safiya akwai wani dattijo, Ammu Shahhat, wato Baffa Shahhat, ɗan ƙauyenmu na da, mai gadi a wani gidan tarihi a tsallaken kogi. Shi ma yana da ƙulli a jelar nan, Kaka takan ce shi ne wanda ya saci ɗan tattabarar liman. Wata safiya ya ce wa Azab an buɗe sabon akwatin gilashi a ɗakin ƙasa, kuma ya ga dorinar gidan Hanim a ciki, in ba idonsa ne ya tsufa ba.

Na ce wa Azab, "Ka faɗa mata?"

Ya ce, "Ummu Nubi, in na ɓoye mata ta ji a bakin wata, ina zan sa kaina?"

Washegari muka tsallaka. Ni haifaffiyar yammacin kogin nan ce, ina ganin ginin daga nesa, amma ban taɓa shiga ba sai ranar. Ciki sanyi kamar randa, ga duhu-duhu, kowa na magana ƙasa-ƙasa kamar gidan makoki. Turawa da gajerun wanduna suna leƙen abubuwan da muka taso muna ɗaure akuya a jikin irinsu. Ammu Shahhat ya ja mu har gaban akwatin, ya koma gefe yana gyara hula kamar bai san mu ba.

Tana nan. An shimfiɗa mata farin ƙyalle, an haska mata fitila, an zura ta a sabon zare da dogayen ƙwayoyi a dama da hagu, a jere tsaf. Shuɗinta ya fito yadda ban taɓa gani ba, don a gidanmu kullum da maiƙon hannu da gishiri a jikinta. Wahiba ta dafa gilashin da hannu biyu.

"Yaya, ga kunnen. Ga haƙorina."

Ni kuwa na ga kamar sarƙar ta rame. Na matsa kusa da tsohon na ce, "Ammu, ina idon? Ina mai zaro harshen? Ina jelar?"

Ya ce, "Suna nan, ina za su? Wataƙila ƙarƙashin ƙyallen ne. Kin san mutanen nan da son tsari."

Bai sani ba, ya faɗa ne don ya sallame ni, ni ma na karɓa don ina son karɓa.

To ga sarƙa, amma yaya za a tsallaka abin da ke cikin akwati mai tsayin ƙirji, ga makulli, ga ƙararrawa? Wahiba ta tsaya tana kallon rufin ɗakin. Can ta ce, "Ammu Shahhat, mene ne a saman nan?"

"Bene ne, 'yata. Kujerun mutanen farko da takalmansu."

"Ana tafiya a kai?"

Tsohon ya dube ta, ya dubi sama, sai ya rufe baki da hannu yana dariya. "Jikar Hanim! Wallahi jikar Hanim ce ke."

Shi ya auna mana wurin da ƙafarsa, daga bango zuwa akwatin, ya hau ya sake aunawa a sama. Ya faɗa daidai tsakanin wata kujera mai ƙafar zaki da akwatin takalman kaba. Maganar ruwa kuwa, ya ce mai share-share 'yar ƙanwarsa ce. Duk ƙarshen wata za ta goge gilashin akwatin da sabon tsumma, ta matse masa a kwalba.

Na ce, "Ruwan gilashi? Ai bai taɓa sarƙar ba."

Wahiba ta ce, "Ya gan ta."

Haka muka shiga yi. Wata na gab da ɓacewa sai mu yafa baƙaƙen mayafanmu mu shiga jirgin Azab. Wahiba ta hau bene, ta taka daga kujera zuwa takalma, ta dawo, har sau bakwai, bakinta na motsi, ni ina tsaye ina yi kamar takalman kaba sun burge ni. Ta sauka ta matakalar baya ta fita ba ta waiwaya ba, ni na biyo da kwalba a ƙarƙashin mayafi. Ruwan yana warin sabulun goge gilashi. Ta zuba a bokiti ta yi wanka, ta jira. Bayan 'yan kwanaki in na gan ta tana wankin tsummoki a bayan gida, ba na tambaya. Aka yanke rake, aka shuka wani, aka sake yankewa, muna kan hanya ɗaya.

Wata rana tana cikin tafiyarta sai ga wata mace da farar riga ta likitoci da tabarau, ta tsaya tana kallonmu. Ta bari Wahiba ta gama, sannan ta ce, "Hajiya, ku zo mu sha shayi." Na ce a raina yau mun ja wa Ammu Shahhat kora. Ashe ba haka ba ne. Ustaza Mirfat sunanta, ita ke gyaran ƙananan kayan gidan, tana wanke su tana liƙa waɗanda suka fashe. Ta ce ta daɗe tana ganinmu, kuma kakarta 'yar garin Kina ce, nan yankinmu, don haka ba sai mun yi mata ƙarya ba.

Wahiba ba ta taɓa shayin ba. Ta zame daga kujera ta durƙusa a gaban yarinyar da ta girme wa nesa.

"Ustaza, don girman Allah, ba cewa na yi a ba ni ba. Ku riƙe abinku. Kwano ɗaya na ruwa, ki tsoma ta da hannunki gwargwadon Fatiha ɗaya, ki cire ki goge. Ba wanda zai sani. Kullum a ruwa take a gidanmu, ba abin da ya same ta."

"Tashi, Anti, don Allah tashi. Wace sarƙar kike nufi?"

"Ta ƙasa, mai dorina. Ta kakarmu ce. Da ita aka shigo mini ina jego."

Ustaza Mirfat ta cire tabarau ta murza ido. Ta tambayi shekarar da aka karɓe ta da sunan ƙauyen, ta fita, ta daɗe. Da ta dawo tana riƙe da ɗan ƙaramin kwali, kuma daga yadda ta zauna na san ba alheri.

Ta ce, "Anti, ban san yadda zan faɗa miki ba. Abin da ke cikin gilashin nan ba sarƙarku ba ce. Dorinar ce kaɗai taku."

"Ƙwayoyin fa? Ga su nan a jikinta."

"Na wani kabari ne daban. An haɗa su ne don zamaninsu ɗaya da ita. Taku da aka kawo, an duba aka ga ba tare aka yi su ba. Dorinar ta girmi idon da shekaru masu yawan gaske, mai harshen kuma ƙaninsu ne can baya. Wani ne ya tsinto su ɗaya ɗaya ya zura a igiya guda."

Na ce, "Ba wani ba ne, kakar kakarmu ce."

"Allah Ya jiƙanta. To a wurinmu ba a barin su haka. An yanke igiyar, an kai kowanne cikin 'yan zamaninsa. Tun kafin in zo aka yi."

Wahiba ta ce, "Ina idon?"

"Yana Alƙahira, a ma'ajiya."

"Mai harshen?"

"An ba da aronsa ƙasar waje tare da wasu kaya. Zai dawo, amma ba nan ba."

"Ƙwayoyinmu?"

Yarinyar ta ce, "Irinsu dubbai ne, Anti. An zuba su cikin 'yan uwansu. Ko ni ba zan iya ware miki su ba."

Na ce, "Wato ku da iliminku kun ga abu ya zauna lafiya a igiya ɗaya tun kafin a haifi kakanku, sai kuka ce bai iya zama ba? Wa ya kawo muku ƙara? Dorinar ce ta ce ido ya takura mata?" Ban san me da me na ƙara ba. Ta bar ni na gama, kuma wannan ya ƙara ƙona mini rai, don na so a ce marar mutunci ce.

Wahiba kuwa a hankali ta yi magana, kamar mai tambayar hanya. "To yanzu duk watannin nan me nake tsallakawa?"

Ustaza Mirfat ta turo kwalin gabanta. Ta ce waɗannan ba kayan tarihi ba ne, ba a sa musu lamba ba, an manta ne ba a zubar ba, in muna so mu ɗauka. Wuri biyu ne a ciki, da ɗan makulli, da jelar igiya mai ƙulle-ƙulle, ta yi baƙi ta bushe. An datse ta da almakashi kusa da ƙullin ƙarshe, abin da ya rage bai fi tsawon yatsa ba.

A jirgi Azab ya dubi fuskokinmu bai tambayi komai ba. Wahiba ta zauna da kwalin a cinya tana kallon ruwa. Na zaci an gama ke nan, har na fara gode wa Allah a zuci, don gajiyar da na yi ba kaɗan ba ce. Muna gab da gaɓar yamma sai ta kamo hannuna.

"Yaya, igiyar ma ai ta shiga ɗakin. Na gan ta tana lilo a hannunsa."

Na riƙe hannunta har jirgi ya taɓa gaɓa.

Ƙarshen watan ta jiƙa igiyar da wurin da makullin a kwanon Kaka. Ruwan ya yi ja-ja, da ƙurar tsauni da gishirin tukunya da maiƙon hannun matan da duk sun mutu. Da ta buɗe kwanon, warin tsohon gidanmu ya bugi hancina har na zauna ban shirya ba. Ta yi wanka, ta shimfiɗa igiyar a bakin ƙofa ta tsallaka, wannan karon da ƙafarta a kan abin sosai, ta fita ta ƙofar baya.

Watan nan ta yi ɓatan wata. Na ce kada ta faɗa wa kowa, ta ce to, kafin la'asar duk layinmu sun ji. Wata na biyu ma shiru. Ta fara cewa zafi na taso mata daga ƙirji zuwa fuska, tana jiƙewa da gumi, ba ta son warin tafarnuwa. Mata suka ce namiji ne, namiji ne ke sa zafi haka. Azab ya sake wa jirginsa fenti, mutumin da ba ya waƙa aka ji shi yana waƙa a tsakiyar kogi. Ta sayo yadi mai laushi ta fara ɗinka 'yan riguna. Ƙanwata ta yi dariya har na ga wushiryarta, rabona da ganinta tun muna kan tsauni. Ni ma na yarda. Ni mai bakin cewa camfi ne, ni na dafa mata tattabaru.

A wata na uku na matsa mata muka je asibiti, don a fara awo. Likitar ta shafa mata mai a ciki, ta daɗe tana yawo da abin awon tana kallon allo. Ta sa aka ɗebi jini, ta ce mu dawo. Da muka koma ta tambayi shekarun Wahiba, ta tambayi zafin nan da gumin, tana gyaɗa kai.

"Hajiya, babu ciki. Al'adar ce ta ɗauke."

Wahiba ta ce, "Eh, ta ɗauke, wata uku ke nan."

"Ba irin wannan ɗaukewar ba. Ta tafi ke nan. Takan zo wa wasu da wuri."

"In an ba ni magani fa?"

"Zan ba ki na zafin jikin."

Ba ta yi kuka a asibiti ba, ba ta yi a mota ba. Ni na yi mata, har wani dattijo a motar ya ce Allah Ya jiƙan wanda ya rasu, na ce amin. Azab na jiranmu a bakin titi da jakar lemo a hannu. Ta wuce shi ta shiga gida. Ya dube ni, na girgiza kai, ya tsaya da lemonsa bai san inda zai ajiye ba.

Bayan kwana biyu, da hantsi, ina tsakar gida na jera burodi a rana yana tashi, ina hura tanderu, sai ga ta ta shigo. Ta yi wanka ta sa kwalli. Ta zauna a kan dakalin da ke gefen tanderun, ta fito da igiyar daga ƙirjinta.

"Yaya, kin tuna su?"

"Wasu."

Ta fara ja tsakanin yatsunta yadda Kaka take yi. Na can sama duk sun ɓace mana, ba mai sanin su kuma. Da ta gangaro sai ta fara kamawa. "Wannan Shahhat ne, ɓarawon tattabara. Wannan Baba. Wannan ke ce, Jamalat, mai zagin ma'aikatan gwamnati. Wannan ni ce, mai cin kunnen dorina." Ta wuce 'ya'yan maƙwabta, mai satar rake, da wanda ya gudu Iskandariya bai waiwayi uwarsa ba. Ta zo kan na ƙarshe ta ce, "Nubi ɗinki, mai fasa tulu."

Saura ɗan guntun nan da almakashi ya bari. Ta jiƙa shi da yawu don ya yi laushi, ta lanƙwasa, ya kuɓuce. Ta sake, ya kuɓuce. Na miƙa hannu in taya ta, ta ture ni da gwiwar hannu.

"Uwar ce take yi da hannunta."

A karo na gaba ta kama bakin da haƙori ta ja, ƙullin ya zauna a can ƙarshe, ba ko silin da ya rage a bayansa. Ta shafa shi da babban yatsa.

"Tayyib," ta ce, "ɗan Wahiba. Bai yi wa kowa rashin kunya ba."

Ta ajiye mini igiyar a cinya, ta ce in mayar da ita tukunyar gishiri, ba mai zuwa aro. Sannan ta tashi ta ɗauki faifan burodin ta fara miƙo mini, don tanderun ya yi zafi.